Na Hana Ka Jirgi, Na Sa Ka a Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifiyarka, tare da addu'ar Ubangiji Ya tsare ka a gida da daji, Ya kiyaye gabanka da bayanka, Ya sa tafiyar nan da ka sa a gaba ta buɗi ce, ba ta da-na-sani ba. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakanin ɗakina da naka, amma sai ga takarda. To, ka san halin. Kai ne ɗan fari, ban saba zaunar da kai in yi doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa da bakina ba. In na ce zan faɗa maka baki da baki, ina farawa zan kau da kai in ce a duba mini tuwo. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka Hadiza. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai kai ne ɗan boko.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Maganar jirgin sama ce. Ranar da ka shigo da albishir cewa ka samu aiki a Fatakwal, kuma masu aikin sun ce za su yankar maka tikitin jirgi daga Kano, ka tuna abin da na faɗa a gaban babanka da Baffa Sale. Cewa na yi, "Ban yarje ba. In dai ni na haife ka, ba kai ba jirgi." Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Inna." Washegari na jiyo ka a waya kana gaya musu a doguwar mota za ka zo.

Wallahi da gardama ka yi mini da na samu sauƙi, da na yi faɗana na huce. Amma wannan "To, Inna" ɗin ta tsaya mini a rai, ta ƙi wucewa. A satin da ka kawo albishir ɗin ne na ji a rediyo wani jirgi ya faɗi a wata ƙasa, ko sunan ƙasar ban riƙe ba, kuma da shi kaɗai na yanke maka hukunci. Yanzu ga shi tafiya ta matso, kuma na san ko za a yanka ka ba za ka taka jirgi ba muddin maganata tana nan. Shi ya sa na ce bari in zauna in tambayi kaina: ni ɗin nan da nake zaɓar maka abin hawa, na iya zaɓe kuwa? Da na waiwaya baya sai kunya ta kama ni. Bari ka ji.

Kana goye a bayana, na je tashar Tsanyawa zan shiga Kano da man gyaɗa. Motoci biyu ne suke lodi. Ɗaya ta Malam Garba ce, wanda ka sani, fentinta duk ya koɗe, kujerun sun sha faci. Ɗayar kuwa baƙuwa ce, sai ƙyalli take, ga labule a tagogi, ga rediyo yana tashi. Har na sa ƙafa a ta Malam Garba, sai na ga ya sauka yana zagaya motar yana dukan tayoyi da ƙafa, ya buɗe gaba ya leƙa, ya zaro wani ƙarfe ya goge ya mayar. Na ce a raina, kai, motar da sai an yi mata wannan bita kafin ta tashi ai ba ta da lafiya. Na sauke galan-galan ɗina na koma mai labule, har ina yi wa matan da na bari dariya.

Mun wuce Bichi kaɗan sai muka ji dam! Tayar gaba ta fashe, mota ta yi ta rawa da mu ta afka gonar dawa. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah ta karye a hannu, ni kuma na fito jage-jage da mai, kai kana ta tsala ihu. Da hankalina ya dawo na je na duba tayar. Sumul take, Abba, kamar tafin hannuna, ko zane ɗaya babu. Kuma ka san wanda ya tsaya ya kwashe mu? Malam Garba. Da ya ɗora galan ɗina sai ya ce, "Hajara, sannu, yaron bai ji ciwo ba dai?"

To ka ji. In ka je filin jirgi ka ga wani jirgi fes da sabon fenti, wani kuma ya ɗan kwana biyu, kada idonka ya yanke maka hukunci. Na tambaya an ce mini jirgi ma haka yake, ba tsufansa ne abin tsoro ba, rashin kulawa ne. In ka hango ta taga wani yana zagaya jirgin yana leƙa ƙarƙashinsa yana taɓa tayoyi, kada gabanka ya faɗi irin nawa. Ka yi masa addu'a, aikinsa yake yi.

Na biyun ya fi wannan muni, don shi ba kaina kaɗai na cuta ba. Rasuwa aka yi mana a Zakirai, cikin tsakiyar damina, muka yi shatar mota mu mata da tsofaffi. A hanyar dawowa aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka iso wani kwalbati, ruwa ya shafe kansa yana gudu ja wur. Direban saurayi ne, ya taka birki ya kashe mota ya ce, "Iyaye, ku yi haƙuri, sai ruwan nan ya janye." Ni kuma na bar Hadiza tana jaririya a gida, nono ya cika yana yi mini zafi. Ka san bakina. Na ce, "Haba ɗan nan! Ɗazu wata mota ta wuce a gabanmu, direbanta ba mutum ba ne?" Ya ce, "Inna, ɗazu ruwan bai kai haka ba." Na ce, "Mu sa'o'in uwarka muna roƙonka kana mayar mana da magana? Ashe ba ka da kara?" Sauran matan suka ɗauka, wannan ta ce matsoraci, waccan ta ce ba a yi masa tarbiyya ba.

Yaron nan ya dube ni, ya yi bisimilla, ya tayar da mota. Muna kaiwa tsakiya inji ya mutu. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa har ya kai mana gwiwa, na ji motar tana ɗagawa tana karkata. Salati kawai kake ji. Mutanen da suka fake a bukkokin gona ne suka rugo da igiyoyi, da ƙyar da jiɓin goshi aka jawo mu. Da muka fita, direban ya zauna a kan kunyar gona, jiƙe sharkaf. Ni da na fi kowa baki, ko sannu na kasa ce masa.

Abin da ya sa na tuno wannan, an ce mini a filin jirgi wani lokaci sai a ce an ɗaga tashi saboda hadari ya haɗo, ko an ga wani abu a jikin jirgin sai an gyara. An ce mutane har taruwa suke suna dukan tebur suna zagin ma'aikata. Abba, in ka ga ana wannan taron, kada in ji ka a ciki. Ka samu wuri ka zauna, ka yi sallarka, ka kira wurin aikin ka ce za ka makara. Matuƙin da ya ce ba zai tashi ba, shi ma yana da 'ya'ya a gida da yake son komawa wurinsu. Kada ka zama mai tura shi cikin ruwa.

Na daɗe ina juya wannan abin a raina, kuma ina ganin na gano inda muke kuskure, mu mutanen nan. Mu da kara muke auna mutum. Direban kirki a wurinmu shi ne wanda ba ya cewa a'a. Mota ta cika, tsohuwa ta ɗaga hannu, ya tsaya a matsa mata. Buhu ya yi yawa, a ce na Liman ne, ya ɗaure a sama. Wanda ya ce mota ta cika kuwa, sai mu ce ba shi da mutunci, mu yi ta yi da shi a kasuwa har ya rasa fasinja. A zaman gida kara abu ne mai kyau, da ita muke zaune lafiya da maƙwabta, gona tana jikin gona. Amma taya ba ta san Liman ba. Na ɗauki wannan ma'aunin na tafi da shi har aikin Hajji.

E, na san abin da kake cewa a ranka: Inna da ta hana ni jirgi ai ita ma ta hau. Hadiza ma ta faɗa mini, don ita ba ta da kunyar ɗan fari. Na ce mata wancan daban, baƙin Allah ne a ciki. Ta ce, "To Inna, sauran jiragen bayin wa ne a ciki?" Na jefe ta da mafici.

Kafin mu tafi, matan da suka riga ni zuwa sun tsorata ni da abincin can, suka ce ba ya ciyuwa. Sai na naɗe ƙaramin risho a cikin zani, da sauran kalanzir a cikinsa, na cusa a tsakiyar jaka, na zuba kuka da daddawa a kai don su danne warin. A wurin bincike aka tono shi. Wata ma'aikaciya, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'arka ba, ta ɗaga shi sama a gaban jama'a ta ce, "Hajiya, wannan ba zai shiga jirgi ba." Na roƙe ta, na ce 'yata ki rufa mini asiri. Ta ce, "Hajiya, asirin duk mutanen da ke cikin jirgin nake rufawa." Na yi kuka don takaici. Da na dawo gida kuwa ba wanda ban gaya wa ba cewa mutanen jirgin nan ba su da kirki, ba su san girman furfura ba. Da wata ta ce ita a nasu ayarin an yi mata kawaici ta wuce da abin da ta ɓoye, sai na ce, "Kin ga mutanen arziki!" Tabɗi! Kalanzir fa, a sararin sama, inda ba rijiya ba maƙwabci.

Saboda haka in an tsananta maka bincike, an sa ka cire takalmi, an karɓe maka wani abu, ka ce alhamdu lillahi, don wanda ke bayanka ma haka za a yi masa. Kuma don Allah kada wani ya ba ka saƙo a filin jirgi ya ce ka riƙe masa, ko da ya kira sunan kakanka. Ka ce a'a. Na yarje maka rashin kara a wannan wurin.

A cikin jirgin ma ban bar halina ba. Wata mata ta tsaya a gaba tana nuna yadda ake ɗaura bel, tana nuna ƙofofi da hannu. Ni ko kallonta ban yi ba, na ja mayafi na kama carbi, a ganina sauraronta kamar kiran masifa ne. Da muka yi nisa na ji bel ɗin ya takura mini, na kwance shi. Can sai jirgi ya shiga gargada, ya yi ƙasa da mu kamar an janye kujera, na tashi sama kaina ya bugi rufi, na dawo da ƙulu a goshi. Hajiya Ladi ta gefena, da ta bar nata a ɗaure, shayinta kawai ya zube. Na yi shekaru ina gaya wa mutane jirgin da ya kai mu ba shi da kyau, wanda ya dawo da mu shi ne lafiyayye don bai girgiza ba. Sai daga baya babanka ya ce mini ai kamfani ɗaya ne, iska ce ta bambanta. Kai dai ka saurari mai bayanin nan ko ka ji shi sau nawa, ka duba ƙofar da ta fi kusa da kai, ka bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune. Carbi da bel ba sa faɗa da juna. In kuma, Allah Ya kiyaye, an ce a fita da sauri, ka bar jaka, ko da takardun makarantarka ne a ciki.

To, da na gama tuno waɗannan sai na ce wa babanka zan je Bacirawa in duba Gwaggo Asabe, wai na ji ƙafarta ta tashi. Ya dube ni ya ce, "Ki gaishe ta, ki gaishe da jiragen." Mutumin nan ba a ɓoye masa komai. Ka san gidanta ba shi da nisa da filin jirgi. Na zauna a tsakar gida ina tsince mata shinkafa, sai na ji ruri ya taso, na ɗaga kai na ga jirgi ya bi ta samanmu, har cikinsa ina gani. Na saki faranti na hau salati. Gwaggonka ko motsi ba ta yi ba, ta ce, "Ke Hajara, zubar mini da shinkafa kika zo yi?" Yara suna wasa a ƙofar gida, ba wanda ya ɗaga kai. Har kajin unguwar sun saba. Na wuni ina kallo, wannan ya tashi, wancan ya sauka, ikon Allah! Na ce, "Asabe, kullum haka suke yi?" Ta ce kullum, damina da rani. Sai na ga ashe duk waɗannan da suke sauka lafiya ba wanda ya taɓa kawo mini labarinsu a rediyo.

Da yamma maƙwabtanta suka shigo gaishe ni, cikinsu akwai masu zuwa Umara da masu saro kaya a Legas. Na ce yawwa, ga waɗanda suka san jirgi. Na ce, "Don Allah a cikin kamfanonin nan wanne ya fi lafiya?" Kai, ashe faɗa na tayar. Wata ta ce nata ya fi don shinkafa da kaza suke bayarwa, ba biskit ba. Wata ta ce nata ba sa tsananta awon kaya. Wata ta ce ita sai wanda Bature ke tuƙawa, wata ta taso mata ta ce ita kuwa sai ta ji matuƙi ya yi sallama da bisimilla hankalinta yake kwanciya. Wata ta ce mai kamfaninsu mutumin kirki ne, yana gina masallatai. Ina jin su ina dariya a ciki, don duk ma'aunina ne: labule, rediyo da kara. Ba wadda ta ce ta taɓa tambayar wa ke duba tayar.

Zainab 'yar Gwaggo, wadda ke karatun jinya, ita ta ɗauko waya ta ce akwai masu jera kamfanonin jirgi na duniya, su ce wannan ya fi wannan aminci. Na ce, "Su wa? Da me suke aunawa? Hawa suke yi ɗaya bayan ɗaya su ga wanda zai faɗi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta karanta mini ta fassara. Wai suna duba tarihin kamfani, ko ya taɓa hatsari da abin da ya gyara bayan nan. Suna duba ko yana bari baƙin masu bincike su shigo su tona masa aiki, da yadda yake horar da matuƙa, da ko akwai ƙasashen da suka hana jiragensa shiga. Na ce, af, ai wannan binciken aure ne. Ba a tambayar saurayi halinsa, kuma ba a duba rigarsa. Maƙwabta ake tambaya, da waɗanda suka yi hulɗa da gidansu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ta ce in jirgi ya yi hatsari ba a share wuri a ce ƙaddara a tashi. Sai an tsince shi ƙusa-ƙusa an gano dalili, a sanar wa sauran kamfanoni su gyara nasu. Sai na tuna kwanar nan ta hanyar kasuwa da motoci suke ta kifewa tun ina amarya. Mun yi ta'aziyya mun gaji, kwanar tana nan yadda take. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, amma ban ga inda aka hana tambaya ba.

Ta kuma ce masu jerin ma ba bakinsu ɗaya ba, wannan ya sa wani a sama, wancan ya sa wani. Saboda haka kada ka ɗauki jerin waya kamar saukakken abu. Abin da suka haɗu a kai, in ji ta, shi ne ratar da ke tsakanin kamfani da kamfani, in dai duk suna ƙarƙashin idon hukuma, ba ta kama ƙafar ratar da ke tsakanin jirgi da mota ba. Nan na ce dakata. Na fara lissafa mutanen garinmu da muka rasa a hanya: Alhaji Musa mai shanu, da amaryar gidan Baffa Sale da 'yan rakiyarta, da malamin firamarenku. A jirgi kuwa ban tuna kowa ba. Amma ni ba a yi mini wayo, ko da ni nake yi wa kaina. Na ce, "Zainab, ai dole, mu nawa ne muke hawa jirgi a garinmu? Kullum a mota muke." Ta ce masu ƙidayar sun san da haka, da yawan tafiya da nisanta suke aunawa, kuma duk da haka jirgi ya yi wa mota fintinkau wajen aminci. Na sa ta maimaita. Ban so jin haka ba, don na je ne da fatan a gaya mini ina da gaskiya.

Akwai abubuwan da har yau ban gane ba, Zainab ma ta kasa gamsar da ni. Yaya matuƙi yake gane hanya a inda babu kwalta babu bishiyar da zai yi alama da ita? In biyu suka haɗu a sama wa ke kauce wa wani? Me ke toshe wa mutum kunne? In ka samu wanda ya sani ka tambayar mini, kada ka ji kunya, ka ce tsohuwarka ce mai son jin ƙwaƙwaf.

A motar dawowa gida aka cusa mu kamar buhunan gero, ga akuya a ƙarƙashin kujera, direba yana tsere da wata tirela. Ba wanda ya ce uffan, ni ma ban ce ba. A nan ne abin ya faɗo mini. Na hango ka a doguwar motar nan, wuni da kwana, ta dazuzzukan da kowa ya san labarinsu, a hannun direban da ban san rabonsa da barci ba. Na tambayi kaina, me ya sa wannan bai tayar mini da hankali ba? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Mutuwar hanya mun saba da ita. In ta zo, mutane za su shigo su ce Hajara sai haƙuri, ba wanda zai dube ni. In kuwa jirgi ne, za a ce ya aka yi ta bar shi ya hau. Ashe ba kai nake karewa ba, kaina nake karewa daga bakin mutane. Na ɗauka in na hana ka jirgi na cire hannuna. Ban lura ba cewa da bakin nan nawa na ɗauke ka na sa ka a mota.

Da na iso na gaya wa babanka duka. Yana gyaran fartanya, bai ko ɗago ba ya ce, "Ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Kuma a gaban mutane kika ɗaure." Ka ji shi fa, kullum maganarsa gajera, sai ta yi kwana tana cizo. Saboda haka ɗazu, bayan an sauko daga masallaci, na sa mayafi na tsaya a bakin zaure, Baffa Sale yana nan, babanka yana nan. Na ce, "Ku shaida, maganar da na yi a kan yaron nan na janye ta." Baffa Sale ya ce, "Hajara, kin tabbata? Jirgi fa." Na ce, "Na tabbata. In alheri ne namu ne duka. In wani abu ne, a ce ni na bar shi, na ɗauka."

To kai ma ka ji daga hannuna. Na yarje maka, Abba, duniya da lahira. Ka kira masu aikin nan tun yau ka ce a mayar da tikitin. In sun ba ka zaɓi, ka yi binciken da na gaya maka, kada ka bi kaza da fenti. In ba su ba ka ba, ka hau wanda suka yanka, ka yi addu'ar tafiya, ka ɗaura bel.

Amma kada in yi maka ƙarya, tsoron yana nan. Duk abin da Zainab ta karanta ya shiga kaina, bai sauka cikina ba. Ranar da za ka tashi ban san ko ruwa zai wuce mini ba. Wannan nawa ne, ni zan ji da shi, ba kayanka ba ne da za ka ɗauka har Fatakwal.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya saukar da kai lafiya. Ya ba matuƙinku natsuwa, Ya ba masu duba jirgin ido da tsoronSa. Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, Ya tsare maka sallarka da mutuncinka, Ya dawo mana da kai muna raye. Allah Ya yi maka albarka.

In ka shigo yi mini sallama, kada ka tayar da zancen takardar nan. Ka durƙusa in sa maka albarka ka tashi ka tafi. Na san ka, kana ganin hawayena za ka ce a fasa. To ka ji da kyau: in ka ga ina kuka, ba janye yardata nake yi ba. Kada ka waiwayo.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara